Fatsar Ƙwaron Gashi: Kamun Kifin Tirawut a Rafukan Birtaniya Lokacin Toho

1.0 Gabatarwa

A wani darasin fassara na taɓa ba ɗalibai ɗan sakin layi na Ingilishi, mai ba da labarin wani mutum da ya fita kamun kifi a rafin garinsu cikin watan Maris. Kusan dukkansu abin da suka kawo shi ne, wai mutumin ya tafi su da ƙuda a farkon bazara. In an bi kalma bayan kalma ba su yi kuskure ba, domin abin da ƙamus ya ba su ke nan. Amma Bahaushen da ya karanta wannan jimla, hoton da zai zo masa shi ne na masunci a tsakiyar zafin rana, ya kamo ƙudan gida ya soke shi a ƙugiya. Alhali kuwa mutumin da ake zance cikin sanyi yake tsaye, abin da ke jikin ƙugiyarsa gashin tsuntsu ne da zare, kuma mai yiwuwa ne ya koma gida hannu rabbana, saboda duk kifin da ya kama ya mai da shi ruwa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana wannan al'ada ta mutanen Birtaniya kamar yadda take a wurin masu ita: kifin da ake nema, lokacin da ake nemansa, kayan aikin, da tarihin abin. Daga nan sai a dubi kalmomin da za su iya ɗaukar wannan ma'ana a Hausa, domin mai fassara ba ya iya fassara abin da bai san kamanninsa ba.

2.0 Kifin da Ruwansa

Tirawut kifi ne ɗan ruwan sanyi, dangin kifin salmon. Irin da yake ɗan asalin Birtaniya shi ne wanda Linnaeus ya raɗa wa suna Salmo trutta a 1758. Jikinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, da ɗigo-ɗigon baƙi da ja a gefensa, cikinsa kuma ya yi rawaya-rawaya. A ƙananan rafuka da wuya ya wuce tsawon kamu ɗaya, amma a manyan koguna masu yalwar abinci yakan kai kilo biyu ko fiye.

Abin da ya ɗaure wannan kifi ga sanyi shi ne iskar shaƙa da ke narke cikin ruwa. Ruwa mai ɗumin digiri 10 yana iya riƙe kimanin miligiram 11 na wannan iska a kowace lita, amma in ɗuminsa ya kai digiri 30 abin da zai riƙe bai fi bakwai da rabi ba. Tirawut kuwa mai yawan bukatar iska ne, kuma in ruwa ya doshi digiri 25 rayuwarsa na cikin haɗari. Wannan shi ya sa ba a samunsa a gulaben ƙasar Hausa, inda tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa suke jin daɗinsu. A duk nahiyar Afirka, a tsaunukan Atlas na arewa ne kaɗai yake ɗan gida. Sauran wuraren da ake ganinsa kai shi aka yi: Turawa sun kai ƙwansa Afirka ta Kudu wajen 1890, suka kai tsaunukan Kenya a 1905, kamar yadda tun a 1864 suka kai shi Tasmaniya a jirgin ruwa, cikin akwatunan da aka lulluɓe da ƙanƙara.

Rafukan Birtaniya iri biyu ne ga mai wannan fatsa. Akwai waɗanda ruwan sama ke ciyarwa, masu gangarowa daga tuddan Sikotland da Wales da arewacin Ingila, su cika su janye gwargwadon ruwan da aka yi. Akwai kuma rafukan alli na kudanci da gabashin Ingila, irin su Test da Itchen a gundumar Hampshire, waɗanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutsen alli. Ruwan waɗannan garai yake, ɗuminsa a maɓuɓɓuga yana tsayawa wajen digiri 10 rani da damina. Irinsu a duniya ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba, kuma kimanin kashi 85 cikin ɗari a Ingila suke.

3.0 Lokacin Toho

Kalmar bazara ita ce tarko na farko ga mai fassara. Bazara a wurinmu lokacin zafi ne mai tsanani kafin faɗuwar damina. Su kuwa watannin Maris da Afirilu a Birtaniya lokaci ne na fitar hunturu, sa'ad da rana ta fara tsawo, itatuwan da suka kaɗe ganye suka fara toho, amma har yanzu raɓa na iya daskarewa da asuba. Abin da ya haɗa lokutan biyu shi ne watanninsu kawai. Don haka a wannan maƙala za mu kira shi lokacin toho.

Dalilin da ya sa wannan lokaci yake da daraja yana ga rayuwar kifin. Tirawut yana zuba ƙwai ne tsakanin ƙarshen kaka da tsakiyar hunturu. Macen takan haƙa ɗan rami cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwan, namijin ya barbare su, sa'an nan ta rufe da tsakuwa. Don kada a dame shi cikin wannan hali, doka ta hana kama shi a watannin hunturu. A Sikotland ana buɗe fatsarsa ranar 15 ga Maris, a rufe ranar 6 ga Oktoba. A Ingila da Wales ranar buɗewa ta bambanta daga yanki zuwa yanki, amma yawanci cikin Maris ne ko farkon Afirilu. Ke nan mutumin da ya fita a farkon toho ya yi kusan wata shida yana jiran wannan rana.

Sai dai kifin da zai tarar ba shi da kuzari sosai. Ya rame saboda wahalar zuba ƙwai da ƙarancin abincin hunturu, kuma da yake zafin jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, sanyi kan rage masa motsi da cin abinci. Saboda haka yakan lafe a wuri mai zurfi inda ruwa ba ya gudu da ƙarfi. Sammako ba shi da amfani a wannan lokaci. Mai fatsa yakan jira hantsi ya ɗaga, domin tsakanin ƙarfe sha ɗaya da ƙarfe uku ne ruwa ke ɗan yin ɗumi, ƙwari su fito, kifi ya taso. Wata rana duk abin bai wuce rabin sa'a ba. Har wa yau, mai shiga ruwa da ƙafa sai ya kula inda yake takawa, don ƙwai da 'ya'yan kifi na nan cikin tsakuwa har zuwa wannan lokaci.

4.0 Ƙwarin da Ake Kwaikwaya

Tarko na biyu shi ne kalmar ƙuda. Abin da ake kwaikwaya ƙwarin ruwa ne, waɗanda ke yin mafi yawan rayuwarsu a ƙarƙashin ruwa suna kamar tsutsa mai ƙafafu, manne da duwatsu da ciyayi. In lokaci ya yi sai tsutsar ta taso saman ruwa, bayanta ya tsage, ƙwaro mai fiffike ya fito. Yakan ɗan zauna bisa ruwa yana bin gangare kafin ya iya tashi, kuma a ranar sanyi zaman yakan yi tsawo. A wannan ɗan tsakanin ne kifi ke tasowa ya tsince shi. Wanda ya san yadda kaji da ƙadangaru ke rububin shinge bayan ruwan farko, ya san irin abin da ke faruwa a rafin.

Kowane ƙwaro da lokacinsa. Na farkon fita shi ne Baetis rhodani, ɗan ƙarami mai launin ɗanyen zaitun da fiffike ruwan toka, wanda ke fitowa da tsakar rana cikin Maris da Afirilu, ko da ana yayyafi. A koguna masu duwatsu irin su Usk da Tweed akwai Rhithrogena germanica, wanda ya fi shi girma, yana fitowa a guguwa ɗaya na 'yan mintoci, ya ɗauke. Wajen 25 ga Afirilu sai wani baƙin ƙwaro na tudu mai dogayen ƙafafu, Bibio marci, ya bayyana, iska ta riƙa jefa shi cikin ruwa. Babbansu kuwa, Ephemera danica, sai ƙarshen Mayu. Saboda haka mai wannan fatsa tilas ya zama ɗan nazarin ƙwari. Tun a 1836 Alfred Ronalds ya wallafa littafi mai zanen kowane ƙwaro kusa da kwaikwayonsa.

Shi kwaikwayon a jikin ƙugiya ake ɗaura shi, da zaren siliki da gashin wuyan zakara da gashin zomo da makamantansu. Iri uku ne. Akwai mai zama bisa ruwa, wanda tsinin gashinsa ke riƙe shi kada ya nutse. Akwai mai laushin gashi da ke nutsewa kaɗan, yana motsi kamar ƙwaron da ruwa ya ci. Wannan shi ne gadon mutanen Yorkshire da Sikotland. Akwai kuma mai kama da tsutsar, wanda ake naɗa wa waya don ya kai ƙasa. Wasunsu sun yi suna ƙwarai, alal misali wanda James Wright ya ɗaura wa limamin coci William Greenwell a bakin kogin Tweed a 1854, wanda har yanzu ana amfani da shi in ƙwaron zaitun ya fito.

5.0 Kayan Aiki da Yadda Ake Yi

A fatsar da muka sani, nauyin koto ko na ɗan dalma shi ke jan igiya in an jefa. A nan kuwa ƙwaron gashi ba shi da nauyin da za a iya jefa shi. Saboda haka sai aka mai da nauyin cikin igiyar kanta. Mai fatsa yana riƙe da sanda mai lanƙwasa, tsawonta wajen ƙafa tara, ya kaɗa igiyar baya, ya dakata ta miƙe, sa'an nan ya shauɗo ta gaba kamar bulala. Igiyar ce ke tafiya, ta ɗauki ƙwaron ta kai shi. A ƙarshenta akwai siririn zare marar launi, shi ma wajen ƙafa tara, mai ƙara sirancewa har ya kai ga ƙugiya, don kada kifi ya ga abin da ke riƙe da ƙwaron. A dā da izgar doki ake tufka igiyar, daga baya aka koma siliki, sai a shekarun 1950 aka fara yin mai rufin roba. Ita ma sandar ta tashi daga itace zuwa tsagaggen gora da aka manne, zuwa zaren kabon a shekarun 1970.

Hausawa na cewa, kifi na ganinka mai jar koma. Wannan karin magana ta yi daidai da ilmin haske. Saboda yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa, kifi yana ganin duniyar waje ne ta wata zagayayyar taga a saman kansa, mai faɗin kusurwa wajen digiri 97. Duk abin da ya yi tsawo a bakin gaɓa yana bayyana a gefen wannan taga, abin da ya yi ƙasa-ƙasa kuwa yakan dushe. Shi ya sa ake ganin dattijo da furfurarsa yana rarrafe a bakin rafi. Bugu da ƙari, kifi a ruwa mai gudu kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, saboda haka ta bayansa ake zuwa masa, a jefa ƙwaron gaba da shi, ruwa ya kawo masa. W. C. Stewart na Sikotland ya yi dogon bayani a kan wannan dabara a littafinsa na 1857.

Babbar wahalar ita ce ja. Gudun ruwa a tsakiyar rafi ya fi na gefe, saboda haka igiyar da ta gitta rafi sai ruwa ya yi ciki da ita, ta fizgi ƙwaron, ya riƙa tsaga ruwa. Ƙwaron gaske ba ya yin haka, kifi kuwa ya sani. Gwaninta ita ce a ajiye igiya da ɗan sako-sako, yadda ƙwaron zai bi ruwa kamar babu abin da ke riƙe da shi, ko da na daƙiƙa uku ne.

6.0 Tarihi da Gardama

Wannan dabara ta girmi Ingila a rubuce. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke ɗaura jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya su kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo. A Ingila kuwa, wani ɗan littafi da aka buga a 1496, wanda ake jinginawa ga Juliana Berners, ya lissafta ƙwarin gashi goma sha biyu bisa ga watannin shekara. A 1653 Izaak Walton ya fitar da The Compleat Angler, a bugu na biyar kuma, na 1676, abokinsa Charles Cotton ya ƙara masa kashi na musamman a kan fatsar ƙwaro a kogin Dove.

A ƙarshen ƙarni na 19 ne abin ya zama kamar mazhaba. Frederic Halford, wanda ya yi fatsarsa a kogin Test, ya wallafa littattafai a 1886 da 1889, inda ya tsara hanyar ƙwaron bisa: a ga kifi yana tasowa, a gane ƙwaron da yake ci, a jefa masa kwaikwayonsa ta baya. Mabiyansa suka ɗauki wannan a kan ita kaɗai ce hanyar mutunci a rafukan alli. Sai wani lauya, G. E. M. Skues, mai fatsa a kogin Itchen, ya lura cewa sau da yawa kifin da ake zaton yana ci a sama, tsutsa yake tsinta a ƙarƙashin fatar ruwa. Ya bayyana haka a littafinsa na 1910. Gardama ta yi shekaru, har a 1938 aka yi zama na musamman a kanta a ƙungiyar masu fatsar ƙwaro ta Landan, inda mafi yawan masu magana suka soki hanyarsa, alhali yana dab da shekara tamanin. A shekarar nan ya bar ruwan da ya yi fiye da shekara hamsin yana fatsa a cikinsa. Amma bayansa Frank Sawyer, mai tsaron ruwa a kogin Avon, ya ƙago tsutsar gashi da wayar tagulla, ya yi littafi a kanta a 1958, yau kuwa babu ƙasar da ake wannan fatsa ba a san ta ba. A farkon toho ma, sa'ad da kifi ke lafe a ƙasa, hanyar Skues ce ta fi kawo kifi.

Abin lura ga ɗalibin al'ada shi ne, ba a kan wace hanya ta fi kama kifi aka yi gardamar ba. An yi ta ne a kan wace hanya ta dace da mutumin kirki.

7.0 Mallakar Ruwa da Sakin Kifi

A Ingila, haƙƙin fatsa a kogin da igiyar teku ba ta kai masa na mai ƙasar da ke bakin gaɓa ne, yana iya sayar da shi ko ya ba da haya dabam da ƙasar. Mai fatsa sai ya sami izinin mai ruwa, ban da lasin na hukuma wanda ya wajaba a kan duk wanda ya kai shekara 13. Wasu yankunan kogin Test suna hannun wata ƙungiya ta Houghton da aka kafa tun 1822, mai 'yan mambobi ƙalilan. A rafukan tuddai na arewa kuwa, ƙungiyoyin gari ne ke riƙe da ruwa, kuɗin shigarsu kuma talaka na iya biya.

A nan akwai abin kwatantawa da namu. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke kula da ruwan. Hana kamu na wani lokaci don kifi ya yaɗu, da ɗora amanar ruwa a wuyan wani mutum, hikima ce da al'ummomin biyu suka yi tarayya a kanta. Inda suka rabu shi ne manufa. Su a wurinmu sana'a ce da abinci, a ranar biki kuma dubban mutane ne ke faɗawa ruwa lokaci ɗaya da homa da gora. Fatsar ƙwaro kuwa nishaɗi ne na mutum ɗaya cikin shiru, an kuma ɗora mata ƙa'idoji da gangan don ta yi wuya.

Sakin kifi ma yana da dalilinsa. Ƙaramin rafi ba ya ɗauke da manyan kifaye da yawa, masu fatsa kuwa suna da yawa. In kowa ya tafi da nasa, cikin 'yan shekaru rafin zai zama kango. Don haka da yawa suna amfani da ƙugiya marar ƙaya, su jiƙa hannu kafin su taɓa kifin, su sake shi nan take. Su kansu rafukan suna cikin matsi, saboda yawan zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa don birane, da ƙazantar magudanai, da takin gona da ke kwarara cikinsu. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ƙwari ne ke fara nuna alamar tsaminsa. Tun 2007 akwai tsarin da masu fatsa ke shiga rafi wata-wata, su burkuta tsakuwa da ƙafa na minti uku, su tare abin da ya taso da ɗan raga, su ƙirga ire-iren ƙwarin; in adadi ya faɗi ƙasa da ƙima sai su sanar da hukuma.

8.0 Shawara a kan Kalmomi

Hausa tana da wadatar kalmomin su: koma, taru, birgi, homa, mamari, fatsa. Daga cikinsu fatsa ce kaɗai ta dace a nan, domin ita ce kamun kifi ɗai-ɗai da sanda da igiya da ƙugiya. Su ta fi kawo hoton raga da taron jama'a. Ina ba da shawarar a kira sana'ar baki ɗaya fatsar ƙwaron gashi. Mai zama a sama a ce ƙwaron bisa, mai nutsewa kaɗan ƙwaron nutso, na ƙasa kuma tsutsar gashi. Jefa igiya a ce shauɗi, abin naɗe igiya kuma a aro masa ƙwarƙwaro daga masaƙa. Sunan kifin kuwa gara a bar shi tirawut, domin in aka ce tarwaɗa ko karfasa an kawo wani kifi dabam da wani ruwa dabam. Ba a banza za a tanadi waɗannan kalmomi ba, domin wannan fatsa ta iso kusa da mu: a kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, baƙi na zuwa su kama tsage da giwan ruwa da ƙwaron gashi.

9.0 Kammalawa

An ga cewa jimlar da ɗalibai suka fassara tana ɗauke da abubuwa uku da ƙamus bai faɗa ba: yanayin da ba mu da irinsa, ƙwaron da ba ƙuda ba ne, da kamun kifin da ba don tukunya ake yinsa ba. Da za a sake ba su aikin, abin da ya kamata su rubuta shi ne, mutumin ya fita fatsar tirawut da ƙwaron gashi a farkon lokacin toho. Ya rage ga malamai da masu nazarin harshe su auna waɗannan kalmomi, su gyara wadda ta karkace, su kuma tuntuɓi masunta na Argungu da Yawuri da bakin Tafkin Chadi, domin mai yiwuwa ne akwai kalmomin da suka fi waɗannan dacewa a bakinsu, waɗanda har yanzu ba su shiga takarda ba.